Kanwa Ba Gishiri Ba Ce

A duk gidan Kalilu da ke Tsamaye, wuri ɗaya ne waya ke samun sabis, wato bisa rumbu. Shi ya sa kowace Laraba da hantsi matarsa Kadijatu kan ɗaure zane tamau, ta soke wayar a ƙugu, ta hau tsanin nan na guntun kirya da aka sassaƙa wa matakai, ta zauna a bakin rumbun tana jiran kiran Malama Jamilatu, nas ɗin asibitin Sakkwato. Rumbun kuwa babu komai cikinsa sai ƙaiƙayi da ƙamshin geron bara waccan. In ta buɗe muryar wayar, maganar nas ɗin takan faɗa ciki ta dawo da amo kamar mai magana daga rijiya. Kalilu yana ƙasa kan tabarma, ya jingina da bango, ya ɗaga kai yana saurare, rabin hankalinsa ga nas, rabi ga dugadugan matarsa da ke lilo a sama. Yakan ce ko ba don zuciyarsa ba, wannan kallon kaɗai ya isa a ƙirƙiro Laraba.

Kalilu ɗan kasuwa ne, ko kuma a ce shi ne a da. Kanwa yake ɗaukowa daga Nijar a bayan babur, irin mai kyau da ake kira ungurnu, ya kai Sabon Birni da Isa da Bafarawa ya sayar wa makiyaya da mata. A kasuwar Bafarawa ya faɗi wata rana yana ɗora buhu, ya dafe ƙirji, leɓunansa suka yi toka. Daga Isa aka wuce da shi babban asibiti a Sakkwato, inda likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata. Babur ɗin a can ya tafi, wurin magani. Bayan ya tashi daga gado ba a sake shi nan take ba, sai da aka riƙe shi a wani sashe da ake koya wa masu irin ciwonsa yadda za su sake zama da zuciyarsu. Aka koya masa numfashi, aka koya masa abin ci da abin bari, aka ɗora shi kan wata na'ura da ake tafiya a kanta ba a isa ko'ina. Yakan ba wa mutane dariya da labarinta, ya ce shi da ya san kowace hanyar daji zuwa Maraɗi, ga shi yana zufa a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure.

Da za a sallame shi aka ce ba a rabu ba. Malama Jamilatu za ta riƙa kira duk mako ta ji yadda yake. Kadijatu ta haddace dokokinta kamar karatun allo: ya sha magani safe da yamma, ya yi tattaki kullum amma kada ya ɗauki nauyi, ta riƙa danna ƙwaurinsa da babban yatsa ta ga ko gurbi zai zauna, sannan babbar doka, kada gishiri ya shiga bakinsa. Ranar da suka dawo gida ta kwashe gishirin gidan kaf, da manda, da dunƙulen magi, ta aika wa maƙwabta. Ita ma ta daina ci, da 'yarsu Binta, don kada ya ji ƙamshin abin da aka hana shi a kwanon wani. Kalilu ya ɗanɗana miyar farko ya dube ta ya ce, "Dije, wagga miya awa wa'azin da ba a sa labari." Amma ya cinye. Da safe yakan taka a hankali har rumfar mai cajin waya kusa da masallaci, ya zauna a yi hira, ya dawo. Wannan ne tattakinsa.

Sai damina ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba. Makiyaya suka kora shanunsu kudu tun kafin kaka, samari da magidanta suka bi bayansu cin rani, har da Wakili ƙanen Kalilu. Abin da ya rage a gidan shi ne busasshiyar tafasa da wani tsohon wake da mahaifin Kadijatu ya aiko daga Kamarawa, mai tauri kamar tsakuwa. Abu ɗaya ne suke da shi a wadace: buhunan kanwar da Kalilu bai kai ga sayarwa ba, jibge a zaure, masu sayenta sun tafi da dabbobinsu.

Kadijatu ta ɗauki kanwar nan a matsayin rahamar da Allah ya bar musu. Ɗan ɓari kaɗan in ta jefa a tukunya, waken da zai wuni yana cin itace sai ya yi laushi kafin rana ta take, tafasa ta saki ɗacinta. Surukarta Inna Fatsuma, wadda ba ta taɓa kiran sunan Kalilu ba don shi ne ɗanta na fari, ta ƙara mata da shawara. Ta ce mai jinya ba abin da ke mayar masa da ƙarfi kamar kunun kanwa, ita da shi ta yi jegon duk 'ya'yanta, ga ta nan daram. Ɗan geron da ake samu jefi-jefi sai aka ware shi don kunun maigida. Kadijatu takan dama shi da kauri, ta zuba kanwa har ya yi ja, ta riƙe masa ƙwaryar da hannunta tana kallon maƙogwaronsa yana motsi. In ya ce ta sha, sai ta ce ta sha a madafa. Ƙarya take yi, shi ma ya sani.

Takalmansa ne suka fara ƙin shiga. Daga nan tattakin ya gajarce, daga rumfar mai caji ya koma ƙofar gida, daga ƙofar gida ya koma tsakar gida, har ya zama Inna Fatsuma ce ke kai wayar caji a ƙulle cikin gefen mayafi. Kwanciya ta gagare shi sai a jingine. Kadijatu ta danna ƙwaurinsa, gurbin yatsarta ya zauna kamar ta danna ƙullu. Ta ƙara masa kunu, don a ganinta rauni ne.

Malama Jamilatu ta yi ta juya tambayoyi Laraba bayan Laraba. Yana shan maganin? Yana sha. Ba ya ɗaukar kaya? Ko buta ba ta bari ya ɗauka. Gishiri fa? Nan Kadijatu ta rantse da Allah, ta ce ko a mafarki gishiri bai shiga gidan ba. Magi? Babu. Manda? Babu. Ko yana ci a waje? Kalilu ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce a gaya wa Malama a Tsamaye bana ko ɓarawo ba ya samun abin ci a waje. Nas ɗin ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Wata Laraba ta ce, "Kadijatu, bar amsa mini. Ba ni labarin girkinki tun daga hura wuta, kamar kina koya wa amarya."

Kadijatu ta gyara zama a bakin rumbu ta fara. Ta faɗi yadda take tsince wake, yadda take auna ruwa don rijiya ta ja baya, yadda take jira ya tafaso. "Sannan in jefa kanwa," in ji ta, ta wuce zuwa tafasa.

"Tsaya. Ki jefa mi?"

"Kanwa, Malama. Da kununsa na safe ma. Ai ita ka riƙe da shi."

Kadijatu ta ɗaga wayar sama tana zaton sabis ne ya ɗauke. Da muryar ta dawo, a sanyaye ta dawo. Malama Jamilatu ta ce abin da ke cikin gishiri mai tara ruwa a jikin mai ciwon zuciya, shi ne a cikin kanwa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta ce ita ma da kunun kanwa aka raine ta, ga shi ta lissafa komai ba ta lissafa ita ba. Ta ce a daina yau ɗin nan, kuma in da hali a dawo da shi Sakkwato. Kadijatu ta ce babu mai kai shi sai Wakili ya dawo, kuma Wakili bai faɗi rana ba. To, in ji nas, za ta ga likita ta ji ko za a canza yawan ƙwayar da ke sa shi fitsari, kada a taɓa maganin sai ta faɗa. Laraba mai zuwa, lallai a ɗauki waya.

Kadijatu ta daɗe ba ta sauko ba. Tana kallon hannayenta, hannayen da suka riƙe masa ƙwarya kowace safiya. Da ta sauko ta kasa duban fuskarsa. Inna Fatsuma, wadda ta ji komai daga bakin ɗakinta, ta ce ita dai ba ta yarda ba, kanwa ba gishiri ba ce, ko yaro ya san ɗaya fari ne mai daɗi ɗaya kuma magani. Amma tana faɗi tana kallon ƙafafun ɗanta, kuma ba ta sake maimaitawa ba. Kalilu ya kama gefen zanen matarsa ya ja ta ta zauna.

"Ashe hajata ce ka ci na," in ji shi yana haki. "Na sayar wa duniya, ta rage ta gida. Ke mi naki ciki, Dije? Ke kinka haƙo ta?"

Ta so ta yi dariya don ya ji daɗi, kuka ya riga ta.

Washegari ta ɗora wake ba kanwa. Ta jiƙa shi tun jiya da ɗan ruwan da ta hana kanta wanka, duk da haka ya wuni a wuta yana ƙwal-ƙwal, ya cinye itacen da kan yi mata kwanaki. Da ta ba shi da ɗan tauri, cikinsa ya kumbura ya tokare masa numfashi har ta zaci tafiya ce ta zo. Ta gane dole waken ya nuna lugub, ko kuma kada ya ci, kuma ba zai sha magani da yunwa ba. Itace kuwa ya zama abin nema. Babu kara a gonaki, babu kashin shanu a wuraren kiwo, kirare an tsince su har bayan gari. Ta ƙone zanar da ta kare makewayi. Ta ƙone ƙafar tsohon gado, da muciya ta biyu, da murfin akwatin aurenta.

Sannan ta tsaya gaban tsani da gatari a hannu. Kirya ce, guntu ɗaya kan daɗe yana ci. Ta ce wa kanta matakin ƙasa kawai za ta sare, in ta ɗora sauran bisa turmi zai kai. Ta sare. Wake ya nuna, Kalilu ya ci, ya sha magani, ya yi barci a jingine. Da wutar ta mutu ta sake cewa mataki ɗaya ne. Ta aiki Inna Fatsuma gidan Bawa maƙwabcinsu aron tsani don Laraba, tsohuwar ta dawo ta ce su nasu tun watan jiya ya zama toka, sauran gidajen layin kuwa a kulle suke. Kalilu yana jin saran gatari a bayan ɗaki kullum, bai tambaya ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Za ni yi kewar dugadugan nan." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar Laraba da hantsi ta kife turmi a gindin rumbu, ta ɗora abin da ya rage na tsanin. Ko rabin bangon bai kai ba. Ta gwada kama bakin rumbun da tsalle, laka ta ɓarke a hannunta. Sai ta jefar da guntun, ta hau turmin ta tsaya kan yatsun ƙafa, ta miƙa wayar sama iya tsawon hannunta. Binta ta riƙe mata turmin. Can wayar ta yi gurnani sau ɗaya a tafinta, sunan Malama ya haska, kafin ta danna ya ɗauke. Ta ƙara miƙewa har kafaɗarta ta yi zafi. Ta canza hannu. Ta juya gabas, ta juya wajen Isa, tana kiran sunan Allah a hankali. Inuwar rumbu ta janye daga kanta ta shige ƙarƙashinsa, wayar ba ta sake motsi ba.

"Sauko, Dije," in ji Kalilu. "Waken ya nuna, ina jin ƙamshinsa."

Ta sauko ta zuba masa a akushi. Ya ci loma kaɗan yana hutawa tsakani, ya yaba laushinsa. Ta ɗauko ƙwayoyin ta zuba a tafinta tana kallonsu, ba ta san ko likita ya ce a ƙara ba ko a bari. Ta ba shi yadda aka saba. Sannan ta durƙusa ta ɗage ƙafar wandonsa ta danna ƙwaurin da babban yatsa, ta ɗauke. Gurbin ya zauna. Suka zuba masa ido su biyu suna jira ya ciko. Da ta ga bai ciko ba sai ta rufe shi da tafin hannunta, ta bar hannun a wurin.