Sunan da ban faɗa ba

Ni Laure, 'yar masunta ce daga Argungu, kuma ban taɓa zama aji ba sai da furfura ta gama cin kaina. Ɗana na fari likita ne a Ingila. Da matarsa Nazifa ta haihu, suka ɗauko ni daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi in je in yi mata wankan jego. Jego ya ƙare, sanyi ya kulle ni a ɗaki, sai Nazifa ta kai ni makarantar manya in koyi Turanci.

Abin da na gani can, har gobe ina jinjina shi. Tsofaffi ne zube a kujeru, daga ƙasashen da ban san Allah ya yi su ba. Malamarmu Judi kan durƙusa gefen kujerata ta jira ni in lalubo kalma, awa mai jiran kifi ya shiga homa. Ranar da na karanta sunan titinmu a jikin bas da kaina, sai da na nemi wuri na zauna.

Sai gwaji ya zo. Wani baƙon malami ya zaunar da ni. Sunanki? Na faɗa. Garinku? Na faɗa. Da wa kike zaune? Da ɗana. Yaya sunansa?

Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya a hankali, har yana nuni da hannu. Na ji shi sarai. Amma wace uwa ce ke buɗe baki ta kira sunan ɗan fari? Tun da na haife shi harshena bai taɓa sunan nan ba.

Mako na zagayowa aka mayar da ni ajin 'yan farko, wai tambaya mai sauƙi ta gagare ni. Aka raba ni da Judi, da ƙawata Rahima 'yar Bangaladash da muke cin gyaɗa tare a baya.

Nazifa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, bari in je in yi musu bayani."

Na ce, "Zauna, ɗiyata. Bakin da suka ce babu komai cikinsa, shi za ya je."

Na iske shugabar makarantar a ƙofar tsohon ajinmu, na tare ta. Turancina ya fito guntu-guntu, ina haki. Na ce na ji tambayar wancan mutum. Na ce na san sunan, ni na yi naƙudarsa. Na ce a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce da girmamawa, ba jahilci ba. Na ce ku kuka yi kuskure, ku gyara.

Ta ce, "To yaya kike kiransa?"

"Baban Humaira."

Sai ga Rahima ta taso daga kujerarta tana dukan ƙirji. Ta ce ita ma tun da aka yi aurensu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, baban wance take cewa. Wani tsoho ya ɗaga hannu, ya ce haka kakarsa take. Aji ya kaure, kowa na jawo Turancinsa gurgu yana ba da labarin gidansu. Ni da nake zaton abin na bakin gulbinmu ne kaɗai, ashe Allah ya watsa shi har bayan teku, kuma da harshen Nasara muka gano juna.

Shugabar ta ce, "Wadda ta yi mini wannan faɗa da Turanci ba 'yar farko ba ce. Shiga ki zauna."

Na ce, "Shi kuma malamin, a gaya masa."

Ta ce za a gaya masa. Na shiga, na zauna kusa da Rahima.