Safiyar da Kwamfutoci Suka Ƙi Zama

Senami Dossou ce kaɗai ke kula da kwamfutocin wani kamfanin fiton kaya a bakin tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ta gaji da bin tebur-tebur tana haɗa wa mutane firinta, sai ta rubuta jerin umarni ta ajiye a babbar kwamfutar ofis. Duk wanda ya sa sunansa da kalmar sirri, na'urarsa za ta shirya kanta, ta mutu, ta sake tashi a kimtse.

Ranar Litinin da umarnin zai fara aiki, ko karin kumallo ba ta iya yi ba. Ta tsaya bayan Tanti Afiavi, mai takardun kwastan, tana kallo. Tanti ta sa sunanta da kalmar sirri ta shiga. Kwamfuta ta mutu, ta taso. Ta sake shiga, ta sake mutuwa.

"'Yar nan, farfaɗiya kika sa mata?" in ji Tanti.

Senami ba ta yi dariya ba. Daga can ƙurya wani ya ce tasa ma haka, sai wani. Nan take ta fahimta: umarnin ba ya gane cewa ya gama aikinsa, kullum daga farko yake komawa.

Manaja Houngbo ya fito da waya a kunne. "Kwantenar kifi na jira a tasha! In rana ta yi ba mu tura takardu ba, ke za ki cinye shi."

Ta ruga teburinta don ta gyara. Tana shiga, tata ma ta mutu. Ta zauna tana kallon baƙin allo, gumi na bin bayanta, ofis kaf ya zuba mata ido.

Can ta durƙusa ƙarƙashin tebur, ta zare wayar da ta haɗa na'urarta da sauran. Ta shiga. Umarnin bai sami hanyar isowa ba, allo ya tsaya. Ta mayar da wayar, ta buɗe jerin, ta goge layin da ke kashe na'ura.

"Tanti, don Allah sake gwadawa."

"In ta sake suma fa?"

"Gwada dai."

Tanti ta danna. Allo ya buɗe, bai mutu ba, firinta ta fara jan takarda.

Houngbo ya koma ofishinsa. Tanti ta tura mata ƙullin akasa, wato tuwon masara, da kifi, ta ce ta ci kafin ta faɗi. Senami ta karɓa, amma har azahar, duk kujerar da ta motsa sai ta ɗago kai, ko wata na'urar ce ta sake mutuwa.