Rijiya Mai Lamba Ɗaya

Sakinatu ta faɗa cikin jirgin Metro a tashar Mansura ta birnin Doha ana shirin rufe ƙofa, jakar kwamfuta a kafaɗa, mayafi a karkace. Ko zama ba ta gama yi ba wayarta ta hau ruri. Inna ce daga gida, kuma Inna ba ta taɓa yarda akwai saurin da ya fi ƙarfin gaisuwa ba.

"Auta, albishirinki."

"Goro, Inna. Amma yau ce ranar da na gaya miki, ƙarfe goma zan tsaya gaban mutanen nan."

"Allah ya ba da sa'a. An gama rufin ɗakina, kwano sabo fil. Damina ta zo in ta isa."

"Ikon Allah. Ina aka samo kuɗi?"

"Rijiya na sayar. Wata huɗu ke nan, na yi shiru ne sai aiki ya kammala."

Shekara uku Sakinatu ta yi a Doha tana digiri na uku kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma dabara guda ta ɗora karatun a kai. Duk mai son haƙa burtsatse sai ya sayi haƙƙin ruwan wata tsohuwar rijiya a rufe ta, don abin da zai zuƙa ya zo daidai da abin da aka daina ɗiba. Wanda ba shi da hali, hukuma ta ba shi rance. Hukumar ruwa ta jiharsu ta gwada dabarar, an rufe rijiya ɗari da arba'in. Yau gidauniyar da ke ɗaukar nauyinta za ta saurari sakamako, ta yanke ko za ta ci gaba da biya mata karatu.

"Wace rijiyar, Inna?"

"Biyu gare mu? Ta gindin mangwaro mana."

"Inna, rijiyar nan fa tun ina firamare ta ƙafe."

"To ni na ce musu da ruwa a ciki? Sun ce rijiya ce, na ce rijiya ce. Alhaji Abass mai fiyawata ya karɓo rancen hukuma ya biya ni, ma'aikata suka zo suka dafe ta da siminti, har hoto suka ɗauka. Duk layinmu an sayar. Har ta gidan su Fausatu, wadda kaji ke ƙwai a ciki."

A tashar Msheireb ta canza jirgi ba tare da ta san ta canza ba. Dariya na cinta. Ashe matattun rijiyoyi aka yi ta binnewa da kuɗin hukuma, burtsatsen Alhaji kuwa ruwa na gaske yake zuƙa safe da yamma.

A ƙasan benen gidauniyar da ke unguwar West Bay ta tarar da Suraj, abokin bincikenta, yana shan shayin karak, sanye da sabuwar kwat. A tsaye ta zayyana masa komai. Sai da ya shanye shayin tas kafin ya yi magana.

"Malama Sakina, alƙaluman nan hukuma ce ta aiko, ba ke kika ƙirga ba. Ki karanta, su yi tafi, shi ke nan. In an sa hannu a kan kuɗin karatun sai mu gyara a babi na gaba."

"In kuma wata jihar ta kwaikwaya kafin babi na gaba fa?"

"In kika tona, karatunki ne a gaba. Kuma hukuma na iya cewa a dawo da kuɗi. Kwanon Inna za ki je ki ɓanɓaro?" Ya duba agogo. "Yalla, mu je, saura minti biyar."

Maganar kwanon ce ta fi yi mata ciwo. Ta sha ganin Inna tana jera robobi a tsakar ɗaki duk sanda hadari ya haɗo.

A hawa na talatin da biyu mutum bakwai ne zaune a dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa. Ta yi sallama, ta gabatar da kanta, ta danna maɓalli. Hoton farko ya cika bango. Suraj ne ya saka shi jiya, ita ba ta ma duba ba: faifan siminti an rubuta masa lamba ɗaya da jan fenti, reshen mangwaro daga sama, a gefe kuma ƙafar wata tsohuwa cikin silifa shuɗi. Ita ta aika wa Inna da silifan bara.

Shugaban zaman, wani dattijo mai farin gemu, ya gyara tabarau ya ce, "Masha Allah. Wannan ce rijiyar farko da kuka rufe? Lita nawa aka ceto a nan?"

Amsar na rubuce a takardar da ke hannunta. Suraj na ta gyaɗa mata kai daga ƙarshen tebur.

Sakinatu ta kife takardar.

"Ranka ya daɗe, wannan rijiyar na san ta. Na taɓa faɗawa cikinta ina 'yar shekara tara," ta ce. "Ko bakin zanena bai jiƙe ba."