Doka ta Goma Sha Tara

Merle Oberg yana tsakiyar karanto jerin dokokin da yake so a soke, sai ya ga wata tsohuwa cikin masu sauraron zaman kwamitin ta sake ɗaga hannu.

Shekararsa shida a majalisar jiha, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: gwamnati ta rage sa baki a harkar mutane. Wata ukun sanyi yana babban birni, sauran shekara yana shagonsa na ƙusa da fenti a Harlow. Bana ya tattaro tsofaffin dokoki arba'in ya ce a share su gaba ɗaya. Har da ta ɗaure doki a bakin kotu. Ba wanda ya zo kare ko ɗaya, sai wannan matar da ta tuƙo akori-kura awa biyar cikin ƙanƙara.

Curtis Bahr, shugaban kwamiti kuma ɗan jam'iyyarsu, ya raɗa masa, "Minti biyu gare ta. Mu sha kofi, mu kaɗa ƙuri'a."

Ta miƙe. "Sunana Lorna Tveit. Ta goma sha tara, ku bar ta." Ta koma ta zauna.

Abin ya tsaya wa Merle a rai. Awa biyar saboda magana ɗaya? Ya duba takarda. Gaskiya shi kanun kawai ya karanta. Doka ce tun zamanin kakanni: wanda ke da kabarin ɗan'uwa a cikin filin wani, yana da ikon shiga da ƙafa ya ziyarta.

Da aka tashi hutu ya same ta a baranda.

"Mama, kabarin wa gare ki a filin wani?"

"Kai ne ɗan Arne Oberg ko? Kunnuwanku iri ɗaya ne. Mijina Nils ke can, ƙarƙashin bishiya. Na sayar wa wani Pruitt gonar, mai tara baƙi suna harbin tsuntsaye."

"Yana hana ki shiga?"

"Bai isa ba, lauyansa ya nuna masa dokar. Duk Lahadi nake zuwa in gaya wa Nils yadda kasuwar shanu take. Yana raye ma ba ya amsawa." Ta kurɓi kofi. "Ya zaɓe ka kafin ya rasu. Ya ce ba ka da wayo, amma ba ka ƙarya."

Merle ya sosa ƙeya. Talatin da tara shi ya tono su da hannunsa. Wannan ɗayar daga ofishin Curtis ta zo. Ya kira matarsa Glenda a waya, tana shago.

"Pruitt ɗin nan ya leƙo kwanan nan?"

"Ranar Talata. Ya zaɓi babban kwaɗon nan da sarƙa. Wai a ajiye masa sai ɗaya ga Yuli. Me zai kulle da yake jiran rana?"

Merle ya sani. Ranar ce sabbin dokoki ke fara aiki.

Da aka koma ɗaki ya zaro fensirin kafinta daga aljihu, ya ja layi a kan ta goma sha tara, ya nemi a cire ta daga jerin.

Curtis ya danne makirufo da hannu. "Merle, ba kai ke tashi kullum kana cewa filin mutum nasa ne ba?"

"Har gobe. Amma ƙafa shidan kabarin nan ta Nils ce."

"Ka ja da ni a kan wannan, shugabancin kwamitin da kake hange baɗi ka manta da shi."

"Ina da shago."

Aka kaɗa. Bakwai suka ce a share, shida suka ce a bari. Dokar ta tafi tare da ta ɗaure doki.

Ya tarar da Lorna a waje tana kankare ƙanƙara daga gilashin mota. Ya karɓi abin kankarewar ya ƙarasa mata.

"Ka dai gwada," ta ce.

"Lahadin farko ta Yuli, ki biyo ta shago. Layi na huɗu akwai almakashin yanke sarƙa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan majalisa guda? Hannuwan nan nawa ko murfin kwalba ba sa buɗewa."

"Ban ce ke za ki riƙe ba," in ji Merle. "Ƙarfe nawa kike zuwa?"