Tambayoyi Goma a Gindin Mangwaro

Idan mata hamsin suka haɗa baki suka ce "a'a", ɗaya daga cikinsu kuma ta motsa leɓe kawai ba ta fitar da murya ba, shin ta yi ƙarya? In ƙarya ce, wa ta yi wa: mai tambayar, ko jaririyar da ke goye a bayanta? Ba a sami wanda ya yanke wannan magana ba, ita kanta Lusungu da abin ya faru da ita ba ta iya yankewa ba.

Ranar awon yara ce a wani ƙaramin asibiti da ke gefen hanyar Mzimba. An rataye sikeli a reshen mangwaro, mata sun shimfiɗa zannuwa sun zazzauna. A watan ne umarni ya sauko daga sama cewa duk mai goyo, da zarar ta cika mako shida da haihuwa, dole a yi mata tambayoyi goma a kan halin da zuciyarta ke ciki, a rubuta sakamakon a littafin asibitinta, a buga hatimi. Sai da hatimin za ta shiga layin allura.

Wanda ya tsara umarnin bai taɓa ganin gindin mangwaron nan ba. Nas ɗaya ce, Sista Ngwira, sai Munthali ma'aikacin lafiya, mai awo da rubutu da tsawatarwa. Munthali ya lissafa, ya ga in ya bi su ɗaya bayan ɗaya rana za ta faɗi ba a auna ko yaro guda ba. To dama kowace ranar awo da waƙa ake buɗewa, shi yana bayarwa, mata suna amshi, ta shayarwa, ta gidan sauro, ta wanke hannu. Sai ya ɗauki tambayoyin ya zuba su a wannan hanyar.

"Iyaye mata, ku ba ni kunnuwanku!" Ya ɗaga takardar. "Gwamnati na son ta san ko kuna cikin farin ciki."

"Ta aiko da takin zamani, sai mu gaya mata!" in ji wata ƙatuwar mata daga baya.

"Ke dai ba a raba ki da surutu. Ta farko: a kwana bakwai ɗin nan, akwai wadda baƙin ciki ya hana ta barci?"

"A'a!"

"Akwai wadda take kuka ba dalili?"

"A'a!"

"Namu kukan da dalilinsa," ƙatuwar ta sake jefowa. "Dalilin yana can Joni yana shan giya da matan birni!"

Wurin ya ɓarke da shewa, har Munthali sai da ya rufe fuska da takardar. Haka aka bi su. Da ya zo ta goma ya ɗan sassauta murya: ko akwai wadda tunanin cutar da kanta ko ɗanta ya taɓa zuwa mata?

"A'a! Allah ya kiyaye!"

Lusungu ta buɗe baki tare da kowa, ta rufe tare da kowa. Ba abin da ya fito. A gefenta surukarta NyaSoko ce zaune, ta rungume leda mai ɗauke da littattafan asibiti biyu, na uwa da na 'ya. Ita ma tsohuwar ta amsa da ƙarfi, duk da ta yi shekara ashirin da yaye autanta.

Lusungu 'yar bakin tafki ce, aure ya hau da ita tudu. A gidan mijinta ba mai kiranta da sunanta, NyaManda suke ce mata, da sunan zuriyar mahaifinta, kamar kowace matar aure. Mijinta Fiskani ya tafi Joni, birnin da mazan yankin ke zuwa ci-rani a wata ƙasa, neman aiki tana da ciki wata huɗu. Ran Lahadi yakan kira a wayar mahaifiyarsa, wayar ta zaga tsakar gida, ta iso hannun Lusungu a ƙarshe, kowa na jin abin da take faɗa. "Muna lafiya," takan ce. "Wezi tana girma."

Wezi tana girma kuwa. Nono yana zuwa, har ya yi yawa. Abin da ya ƙi zuwa shi ne abin da kowa ya ce zai zo da kansa. Takan kalli fuskar yarinyar ta jira, kamar mai jiran mota a hanyar da aka daina bi. Kwana goma kafin ranar awo, ta kwantar da ita a inuwa a bakin gona, ta kama tafiya cikin masara, tana tafiya har kukan ya daina iso mata. A nan ta tsaya, ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Sanyin nan ne ya tsorata ta. Ta koma a guje, ta tarar tururuwa sun fara hawa zanen.

Ba ta gaya wa kowa ba, domin ta san abin da ya sami matar gidan da ke bayan nasu. Bayan haihuwa matar ta daina magana, ta daina wanka. Dangin miji suka zauna, suka ce kanta ya taɓu, aka sa ta a mota aka mayar wa iyayenta. Ɗan kuwa ya zauna. An ba da shanu wajen aurenta, kuma ɗan da aka haifa bayan shanu na gidan uba ne. Ba wanda ya kira abin zalunci, ita ma matar ba ta kira shi haka ba. Shanu huɗu aka kai gidan su Lusungu.

Munthali yana ta buga hatimi, littafi bayan littafi, sai Sista Ngwira ta fito daga bakin ƙofa inda ta daɗe a tsaye. Doguwa ce, siririya, mai furfura a gefen hula. Ba takardar take kallo ba tun ɗazu, bakuna take kallo.

"Ke mai koren zane, zo in duba ɗinkinki."

NyaSoko ta yunƙura za ta bi.

"Mama, zauna ki huta. Ko ke ma akwai ɗinkin da zan duba miki?"

Mata suka yi dariya, tsohuwar ta koma ta zauna tana murmushi.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera biyu. Sista ta tura ƙofa. Ba ta ce ta kwanta ba.

"Yaya sunanki? Na yanka nake nufi."

"Lusungu."

"Lusungu, zan sake yi miki tambayoyin nan, ni da ke."

"Ai na amsa a waje, Sista."

"Na ga bakinki yana motsi. Ban ji ki ba."

Lusungu ta dubi ƙasa. Wezi ta motsa a bayanta, ta girgiza ta ba tare da ta waiwaya ba.

"In na amsa, ina za ki rubuta?"

"A littafinki."

"Littafin yana ledar Mama. Baban mijina tsohon malamin makaranta ne. Duk ranar awo sai ya sa tabarau ya karanta shi tun daga bango."

Sista ba ta yi mata ƙarya ba, wannan kuwa Lusungu ta riƙe shi daga baya.

"Ba zan iya ƙin rubutawa ba. In abin ya kai a tura ki wurin likita a gari, da littafin za a karɓe ki. Amma ciwo ne, 'yata, kamar zazzaɓi. Yana da magani. Ba hauka ba ne."

"Ke kika san haka. Su ba su sani ba."

"Zan yi musu bayani."

"In sun ƙi ji fa?"

Sista ta kai hannu ga takardar tambayoyin.

"To lafiyata ƙalau," in ji Lusungu. "Ba zan amsa komai ba. An riga an buga min hatimi."

Ta fita. A hanya NyaSoko ta saya mata rake, ta ce mai shayarwa ba ta tafiya da baki a bushe. Tsohuwar ba muguwa ba ce. Ita ke dama mata kunun gero da safe, ita ke wanke Wezi, tana yi mata wasa tana kiranta kishiyar tsohuwa. Wannan ma yana cikin abin da ya fi yi wa Lusungu nauyi: yarinyar takan yi shiru a hannun kakarta fiye da nata hannun. Wani lokaci takan ce a ranta, in sun karɓe ta, wa ya yi asara? Sai kuma ta ji ba za ta iya sakin ta ba, ta rasa ko so ne wannan ko tsoron kunya.

Mako uku suka wuce. Matar ɗa ba ta cin abinci a gaban surukinta, don haka takan ɗauki tuwonta ta zaga bayan ɗakin girki, ta zauna a kan turmi tana fuskantar garken shanu. Tana jiyo hirarsu da dariyarsu ta bango. Yawanci kaji ne ke cinye tuwon.

"NyaManda, kin rame fa," in ji NyaSoko wata safiya. "Kar ɗana ya dawo ya ce mun cinye masa mata. Ko kewarsa ce?"

"Ita ce, Mama."

"Yo ai dukanmu mun yi. Nawa kafin ya kama koyarwa shekara shida ya yi a ramin haƙar zinariya, ban mutu ba. Ɗaure zanenki da kyau. Ga masara nan, ki kai inji kafin layi ya yi tsawo."

Ta goya Wezi, ta aza buhun a ka, ta kama hanya. Tsakanin ƙauyen da injin niƙa akwai rafi, an gitta masa itace uku a matsayin gada. An yi ruwa a kan duwatsu kwana biyu, rafin ya cika ya yi ja, yana gudu da rassan bishiya. Ta hau gadar kamar kullum. A tsakiya ta tsaya.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ba ta tuna ta yi niyyar komai. Abin da ta sani shi ne, da hankalinta ya dawo, hannunta na hagu yana riƙe da buhu, na dama kuma yana ƙirjinta, kan ƙullin zanen goyo, kuma ƙullin ya riga ya kwance rabi. Nauyin yarinyar ya zame ƙasa zuwa ƙugunta. Wezi ba ta yi kuka ba, barci take.

Ta danne ƙullin da tafin hannu, ta ja ƙafa a hankali har ta taka ƙasa. Ta sauke buhun, ta sake ɗaure zanen, ta ƙulla sau biyu har yana yanka mata fata. Ta duba gaba, ta duba baya, ba kowa. Da akwai wanda ya gani, da ya yi ihu, da an taru, da wani ya ɗauke mata wannan shawara. Amma ba wanda ya gani, kuma gobe ma akwai hanyar nan, jibi ma akwai.

Ta aza buhun. Da ta iso injin niƙa, mata suna zaune a layi, wata ta kira ta ta zo ta ajiye nata. Ba ta juya ba. Ta wuce kasuwa, ta wuce coci, ta miƙe hanyar Mzimba rana na dukan ta.

Ba ranar awo ba ce, gindin mangwaron ba kowa sai akuya. Sista Ngwira tana cikin ɗakinta tana cin dafaffen rogo. Ta ɗaga kai ta ga mace a bakin ƙofa da buhun masara a ka, gumi ya jiƙe mata riga.

"Nan ba a niƙa, 'yata," ta ce, sannan ta gane ta. Ta ture rogon gefe. "Lusungu. Sauke, ki shigo."

Lusungu ta sauke. Ta kwance goyon da ƙyar, saboda ƙullin ya ƙi, ta miƙa wa Sista yarinyar.

"Riƙe min ita tukuna."

Sista ta karɓa.

"Ban zo da littafin ba."

"Sai an kawo shi. Kuma abin da na gaya miki bai canza ba, zan rubuta. Zan je gidanku da kaina in zauna da su, in ma sau goma ne. Amma ba zan ce miki na san abin da za su yi ba."

"Na sani."

Ta zauna a kujerar, ta ɗora hannuwanta a kan cinya. Ta dubi Wezi a hannun baƙuwa, ta ga yadda kanta ya dace da lanƙwasar kowane hannu. Wataƙila za ta rasa ta. Amma za ta rasa ta ne yarinyar tana numfashi.

Sista ta jawo takardar da hannu ɗaya. "Mu fara daga ta farko?"

"A'a. Fara da ta goma, tun ina da ƙarfin faɗa."

Sista ta karanta mata a hankali.

"E," in ji Lusungu. "Yau da safe. A kan gada."