Inda Farfesa Ya Tsayar da Ƙirga

A wasa na goma manhajar Yusimí ta sake ritsa sarkin manhajar Osmany a lungu. Bakwai da uku ke nan. Ta danne murmushi, ta waiwayi Farfesa Leyva da ke tsaye yana kurɓar baƙin kofi.

Gurbi ɗaya tak jami'arsu ta samu a gasar manhajojin darar chess da za a yi a São Paulo, ga ɗalibai biyu suna so. Farfesa da bakinsa ya ce wanda manhajarsa ta fi ƙarfi shi zai tafi. Sai dai duk garinsu Holguín an san shi ya riƙe Osmany ranar baftisma a coci, ya zame masa kamar uba.

"Wasa goma?" in ji Farfesa. "Haba 'yata, me na koya miki? Ko kwabo kika wurga sau goma zai iya ba ki bakwai da uku. In ƙarfin ya zo kusa, sai an buga dubbai. A ci gaba."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Kwamfuta ta yi ta bugawa, canjaras kan canjaras, jefi-jefi manhajar Osmany ta ci. Tazarar ta riƙa tsukewa. Duk sanda Farfesa ya leƙo ya ga Yusimí ce a gaba, sai ya ce, "Da sauran tafiya," ya koma ofis.

Da yamma manhajarta ta faɗi sau uku a jere, Osmany ya wuce ta da ɗaya. Sai ga Farfesa ya faɗo ɗakin, ya miƙa yatsa ya tsayar da wasan.

"To, magana ta ƙare."

"Profe, ko ɗari fa ba a kai ba! Kai ka ce dubbai!"

"Yanzu za a ɗauke wuta, ke ma kin sani."

Osmany ya yi miƙa. "Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Zan aiko miki hoton jirgi."

Ta juya ga Farfesa ta ce, "To wasa nawa ne ya isa, Profe?"

"Waɗannan," in ji shi, ya dafa kafaɗar Osmany suka fita.

Ta zauna ita kaɗai. A fuskar kwamfutar wasan da aka katse na nan yadda yake, sarauniyarta saura taku ɗaya ta gama da sarkin Osmany. Ranar kuwa ba a ɗauke wuta ba.