Marigayin da Ya Yanke Ƙyalle

Alhaji Sagiru, mai sutudiyon haɗa bidiyo, ya buga wayarsa a kan teburin ma'aikaciyarsa Munira har shayinta ya fantsalo.

"Kalli aikinki."

Ta kalla. Bidiyon buɗe injin casar shinkafa ne a Kiyawa, wanda suka haɗa suka tura jiya. Ga mai injin, Alhaji Sale, cikin babbar riga, almakashi a hannu, yana washe baki. A ƙasan fuskarsa rubutu ya shigo daga hagu da ruwan zinare: Marigayi Alhaji Sale, Allah Ya Jiƙansa. Marigayin ya yanke ƙyalle, aka yi tafi.

"An baza shi a waya," in ji Alhaji Sagiru. "Tun safe ake sallama a ƙofar gidansa. 'Yarsa ta taso daga Haɗeja tana kuka a mota, ta iske shi yana shan koko."

"Ba ni na haɗa wannan ba, Alhaji. Malam Abdulrauf ne."

"Da abinki na haɗa," in ji Abdulrauf daga kujerarsa, bai ko juyo ba. Shi ne babban edita. Shekararsa goma sha biyu a wurin, kuma babbar takardar shaidarsa ita ce yayarsa tana auren Alhaji.

Abin nata, fanel ne: ɗan allo mai maɓallai da ta rubuta wa kod, wato umarnin kwamfuta, da kanta, wata uku tana fama, don a maƙala shi a gefen manhajar da suke haɗa bidiyo. A Dutse ba a sa sunan babba tsirara a allo. Sai an jero Alhaji, an jero Dakta, an jero sarauta, kowanne a mazauninsa. Da, kowane suna sai an zauna an ƙera shi da hannu. Da fanel ɗin kuwa, ka rubuta suna, ka zaɓi laƙabi, ka danna, shi ke nan. A can ƙasa ta sa wani ɗan akwati na bidiyon ta'aziyya da sadakar arba'in. In aka sa masa alama, shi ke ƙara Marigayi da addu'ar.

Munira ta miƙe ta tsaya a bayan Abdulrauf.

"Malam, matsa."

Bai matsa ba. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta kama linzamin kwamfutar. Fanel ɗin ba ya inda ta maƙala shi. Ya ciro shi, ya matse shi ya koma kamar kwalin ashana, ya jefa a kusurwa. Ta ja gefensa ƙasa. Akwatin ya bayyana, da alamarsa a ciki.

"Shekaranjiya ka haɗa arba'in ɗin wani tsoho a Buji. Ka sa alamar, ka bar ta. Sau nawa na ce a bar shi a maƙale, a tsawonsa, don a riƙa ganin komai?"

"Yana cinye mini wuri."

"Kafin ka tura, ka kalli bidiyon?"

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Ina yanka bidiyo kina firamare."

"To yau ka yanka mutum."

"Ke!" Alhaji ya daka tsawa. "Ya girme ki."

Ta saki linzamin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san nata kason. Layin kod ɗaya ne ta manta, wanda zai sa akwatin ya share kansa duk lokacin da aka buɗe sabon aiki. Ta rubuta shi tana tunanin masu ido ne za su yi amfani da shi.

"Alhaji, ba ni minti biyar, in gyara shi yadda hakan ba zai sake faruwa ba."

"Au, ashe da abin gyara!" Abdulrauf ya juyo a karon farko, fuskarsa ta yi haske. "Ka ji da kunnenka, Yaya."

Alhaji Sagiru ya dubi surukinsa, ya dubi Munira. Ba hukunci ne mai wuya ba. Ɗayansu, in aka taɓa shi, har tuwon dare sai ya yi ɗaci.

"Kafin ki kawo wannan tsiyar ba mu taɓa kashe kowa ba," ya ce. "Ki goge shi daga kwamfutocina duka. Sannan ki hau mota ki je Kiyawa, ki durƙusa, ki ce wa Alhaji Sale kuskurenki ne."

"Kuskurena?"

"Ko kuma ki ajiye mini makullin ofis."

Ta dubi makullin a kan teburinta. Aikin haɗa bidiyo a garin nan bai kai yatsun hannu ba, kuma duk masu shi suna gaisawa da Alhaji a masallacin Juma'a.

Ta zauna. Ta buɗe foldar da fayil ɗin yake, ta goge. Ta koma kwamfuta ta biyu, ta goge. A ta Abdulrauf, wannan karon da kansa ya matsa mata, har da jan kujera. Ta goge, ta share kwandon shara, ta rufe manhajar ta sake buɗewa, don Alhaji ya gani da idonsa babu.

"Madalla," in ji shi.

Ta saɓa mayafinta ta fita. Keke Napep ya kai ta tasha daga unguwar Yalwawa, ta samu kujerar taga a motar Kiyawa. Ba su wuce bayan gari ba wayarta ta yi ƙara. Saƙon Abdulrauf ne. An kawo bidiyon yaye ɗalibai na wata Islamiyya, yara ɗari biyu da sha ɗaya, kowa da sunansa a allo, gobe ake so.

Na biyu ya biyo baya: "Ƙanwata, da hannu, ya ma ake sa suna ya shigo daga hagu?"

Munira ta kife wayar a cinyarta. Ta juya ga taga, ta fara haɗa kalmomin ban haƙurin da za ta yi wa mamacin.